Fada Anselmo da Zarton Magoroku

Akwai wani masassaƙi a wani ƙauyen masunta da ke gefen garin Omura, can ƙasashen gabas mai nisa, sunansa Magoroku. Tsoho ne marar yawan magana. Idan abu bai yi masa ba, ba ya faɗa. Gyaran murya kawai yake yi, "Ƙhm!", sai kowa ya shiga taitayinsa.

'Yarsa Otane kuwa, duk surutun da uban ya ƙi yi ita ta kwashe. Sau ɗaya za ta ga mutum ta ɗauke tafiyarsa da muryarsa. Mai tallan tofu, wato awara, matar dagaci, har zakaran maƙwabta, babu wanda ya tsira.

A lokacin shekara shida ke nan da Shogun, mai mulkin ƙasar, ya hana addinin Kirista. Gidan da aka kama da Fada, wato limamin Kirista, a ciki, mutanen gidan wuta, maƙwabta takobi. Magoroku ya san haka sarai, amma ya karɓi Fada Anselmo.

Fada Anselmo mutumin Sifen ne, cikin masu ɗaura igiya a ƙugu suna yawo ba takalmi. Ya shekara tara yana wanke gyambon kutare da hannunsa kafin dokar ta kora shi ɓuya. Mutumin kirki ne, ba ƙarya. Ciwonsa ɗaya ne: "A ƙasarmu."

Magoroku ya shaida wa ƙauye cewa baƙon nan Sakuji ne, ɗan'uwan marigayiya matarsa daga tsibiran Goto, kurma kuma bebe, ya zo koyon sana'a. Kullum yana ɗakin aiki na baya, ƙyalle naɗe a kai da baki wai saboda ƙurar katako.

To, mahaifin Fada shi ma masassaƙi ne. Ranar farko da aka miƙa masa zarto, ya juya shi ya yi dariya.

"Wa ya ƙera wannan? Haƙoran baya suke kallo."

"Ja ake yi, Fada," in ji Magoroku. "Ka ja shi zuwa cikinka."

"A ƙasarmu turawa ake. Da zarto a hannu aka yaye ni, Magoroku."

Ya tsaya a tsaye, ya danna kafaɗa ya tura. Bakin zarton siriri ne kamar ganye. Ya lanƙwashe, ya ce ƙas!

"Ƙhm!" in ji tsoho. Ya tsince gutsattsarin ya ajiye.

Bayan sati guda na biyu ya karye. "Ƙhm!" Daga nan kullum Fada ya kai kafaɗa gaba sai ya ji "Ƙhm!", ya ja sau uku don kunya, ya koma turawarsa.

Otane kuwa ta samu abin yi. A kicin za ta ɗauki ludayi, ta bubbuɗa ƙafafu, ta ɗaga hanci: "A ƙasarmuuu, ko shinkafa da baya take shiga baki!"

Sai wata safiya mai kawo musu kifi ta shigo ba ko sallama. An kama wani Fada a ƙauye na huɗu daga nan. An ƙone masu gidan su biyar, har da tsohuwar da ba ta gani. Masu binciken suna bin gaɓar teku ƙauye-ƙauye, kuma duk baƙon da suka tarar sai sun gwada shi a kan sana'ar da ya ce yana yi.

Otane ta wuce ɗakin baya. Yau babu ludayi.

"Fada, zan yi maka rashin kunya, ka yafe ni tun yanzu."

"Faɗi, 'yata."

"Bakinka mun rufe shi, mun ce bebe ne. Fuskarka ma za mu san dabara. Hannunka ne zai kashe mu. Kana wanke ƙafar kuturu ba ka jin komai, amma tsoho ya ce maka ja, ya zama cin mutuncin ubanka? Ni da Baba, da Osen ta maƙwabta mai ciki wata bakwai, duk a kan zarton nan muke zaune."

Fuskar Fada ta yi ja. Ya buɗe baki, Otane ta ga "a ƙasarmu" ta taho har leɓe. Sai idonsa ya faɗa kan gutsattsarin zartuna biyu da ke kan kanta. Ya daɗe yana kallonsu.

"Koya mini," ya ce.

"Baba ne gwani."

"Babanki ba ya magana. Ke kuma na ji yadda kike yi na a kicin. Kwaikwaya mini shi."

Kunya ta kama Otane, amma ta yi. Ta zauna a ƙasa, ta ranƙwafa, ta danne katako da yatsun ƙafa, ta turo leɓen ƙasa irin na ubanta, ta ja.

Kwana goma sha takwas suna abu ɗaya. Ya zauna, ta ce ba haka ba. Ya ja, ta ce kamar mai jan gawa. Ta riƙa laɓaɓowa ta bayansa tana sakin tukunya a ƙasa, har ya daina zabura. Hannunsa ya yi kanta, gwiwoyinsa suka kumbura, amma bai daina ba.

Da labari ya zo cewa jibi za su iso, Otane ta ɗebo ɗanyen ƙaron urushi, wanda ake shafe akushi da shi, wanda in ya taɓa fatar da ba ta saba ba sai ta tashi.

"Zai yi zafi, Fada."

"Shafa."

Kafin jibin, dogon hancin nan ya nutse cikin kumatu, idanun sun zama tsaga biyu. Ko uwarsa ba za ta shaida shi ba.

Da hantsi suka iso, mutum shida. Babbansu Shingoro, mai takubba biyu, bai ko cire takalmi ba. Ya sa aka fitar da Magoroku tsakar gida aka durƙusar da shi, mutum biyu a kansa. Otane tana bakin kicin, tana hango ɗakin aiki ta ƙofa.

"Wannan ne ɗan Goto? Me ya sami fuskarsa?"

"Urushi ne, ranka ya daɗe. An ce kar ya taɓa. To, kurma ne."

Shingoro ya zagaya bayan Fada a hankali, ya tafa hannu daf da kunnensa. Pas!

Ko gashin ido bai motsa ba.

"Na yi shekara huɗu ina gadi a tashar jirgin Nagasaki," in ji Shingoro, kamar mai hira. "Kullum ina kallon masassaƙan baƙin nan suna gyaran jirgi. Baki yana ƙarya, yarinya. Fuska ma tana yi."

Ya zaro zarto daga bango, ya jefa katako gaban Fada, ya yi masa alama da hannu: yanka.

Fada ya zauna. Ya danne katakon da yatsun ƙafa. Daidai. Ya ɗora bakin zarto. Daidai. Amma Otane, wadda ta san jikin mutumin nan fiye da yadda ya san kansa, ta ga kafaɗar dama ta ɗago ta fara tafiya gaba. Tsoro ya mayar da shi shagon ubansa.

Shingoro ma kafaɗar yake kallo. Babban yatsansa yana kan bakin kuben takobi.

"Ƙhm!"

Kafaɗar ta tsaya cak. Ta sauka. Zarton ya taho baya, shuuu, ƙurar katako ta zubo a kan ƙafarsa. Ya sake ja. Ya sake. Guntun ya faɗi, bakinsa sumul.

Shingoro bai dubi guntun ba. Ya juyo.

"Tsohon yana waje. Wane namiji ne a kicin?"

Mutum biyu suka kutsa, suka buɗe randa, suka soki buhun gero. Babu kowa sai Otane.

"Ni ce, ranka ya daɗe. Hayaƙi ne ya sarƙe ni."

"Ke? Da muryar tsoho? Sake mu ji."

Ta sake gyaran muryar.

"Ƙhm!"

Daga tsakar gida Magoroku ya ɗago kai a firgice, jin kansa yana tari a inda ba ya nan.

"Ciwo ne gare ni, ranka ya daɗe," in ji ta. "Abin da na ji shi nake yi." Ta turo ciki, ta shaƙe hanci, ta yi muryar ƙaton da ya soki buhun: "Maigida, babu kowa fa, sai gero!"

Ɗaya ya tuntsire. Sauran suka bi. Ƙaton ya ce, "Kai, yaushe na yi magana haka?" da ainihin muryar, dariyar ta ƙaru. Shingoro kansa gefen bakinsa ya motsa. Ya tura guntun katakon da ƙafa.

"Baƙin nan tura zarto suke kamar masu korar kare. Wannan ja yake. Tsoho, ka yi wa 'yarka aure kafin bakinta ya ja maka. Mu je."

Sai da ƙarar takalmansu ta ɓace Otane ta zube a ƙasa, kuka da dariya a haɗe.

Fada Anselmo ya fita tsakar gida da rarrafe. Ya dafa hannu biyu a ƙasa gaban Magoroku, ya kai kumburarren goshinsa har turɓaya, gaisuwar da a da yake cewa ba ya yi wa ɗan Adam.

"Malam," ya ce da leɓɓan da suka yi nauyi, "na karya maka zarto biyu. A ƙasarmu..."

"Fada!" in ji Otane.

"...wanda ya yi haka korarsa ake yi."

Magoroku ya dube shi. Ya buɗe baki, suka jira gyaran murya.

"Yankan ya yi kyau," ya ce.

Darasi: Komai iliminka da kyawun niyyarka, idan ka sauka a gidan mutane ka sauke "a wurinmu ba haka ake yi ba", ka zauna ka koya, ko da mai koya maka bai kai ka shekaru ba. Taurin kan baƙo, masu masauki ne ke biyansa da wuyansu. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wancan da kuka tuna da shi tun a tsakiyar labarin.