Addu'ar Arfa a Ƙarƙashin Ganga

An yi wani mutum a nan Makka, haifaffen unguwar Mansur, wanda Allah ya ba murya. Ba zan kama sunansa ba, shi da danginsa suna nan da ransu. Shekara biyar yana waƙa a Jidda tare da abokansa uku, irin kiɗan nan na jita da ganguna da ake kira rok. Da ya ga an fara saninsa, sai kai ya kumbura. Ya watsar da su, wai zai fitar da waƙarsa shi kaɗai.

Mahaifiyarsa, Hajiya Shatu, tuwo take dafa wa alhazai. Duk ranar Arfa bayan la'asar sai ta ɗauki waya ta yi masa addu'a a saƙon murya, tana kuka, rabi Hausa rabi Larabci. Shi kuwa ya saurara ya goge. Guda ɗaya tak ya ajiye, ita ma ba don Allah ba. Ya ji yadda muryar tsohuwa take rawa, ya ce wannan za ta sayu. Ya ɗora ta a kan ganga, ya bi ta da ihunsa, ya sa hannu ya miƙa wa wani kamfanin waƙa. Bai tambaye ta ba.

Ya 'yan uwa, kuna zaton waƙar ta faɗi? Ina ma ta faɗi! Cikin mako guda ta cika wayoyi, kamfani ya yi ta murna. Rannan Hajiya tana zaune wajen sana'arta, wata tasi ta tsaya a gabanta, sai ta ji kukanta na fitowa daga ciki, samari suna kaɗa kai.

Ta kira shi ta ce, "Ya waladi, ɗana, da Ubangijina nake magana, ba da su ba."

Ya ce, "Umma, ai kin yi suna."

Ta ce, "Khalas, shi ke nan." Ba ta yi masa baki ba. Arfa ta zagayo dai, saƙo bai zo ba.

Ashe muryarta mutane suke so. Sai su yanke wurinta su tura wa juna, nasa su tsallake. Kamfani ya ce ya kawo wata addu'ar, ya je ya roƙe ta, ta ƙi. Waƙarsa ta biyu ko kallo ba ta samu ba, aka sallame shi. Abokansa kuwa tuni sun sami wani mawaƙin.

A shekarar Hajiya ta rasu, aka sallace ta a Harami. Ya nemi saƙon nan na asali, babu, saƙon ya tafi da tsohuwar wayarsa. Yau idan kewar uwarsa ta taso masa, sai dai ya kunna waƙar, ya kasa kunne yana neman muryarta. Daidai inda take cewa Allah ya shirya shi, nan ihunsa ya rufe ta. Wallahi duk sanda na tuna da shi sai tausayi ya kama ni.

Me ya rage wa wanda ya kai hawayen uwarsa kasuwa? Abin da aka ba ka tsakanin bawa da Ubangijinsa amana ce, ba haja ba. Wanda uwarsa ke raye, ya je yau ya zauna ya saurare ta.

Allah ya kiyaye mu, ya jiƙan iyayenmu, kada ya sa mu toshe addu'arsu da hannunmu. Amin.