Ɗan da Ya Binne Karin Ubansa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Halab, ba zan kama sunansa ba, don jikokinsa na raye. Ubansa shi ne Ustaz Wajihu, wanda ya tsara karin yabon Manzo da ya gagari kowa a zamaninsa. A lokacin kari ba ya zama a takarda, daga baki sai kunne. Da ajali ya matso, tsohon ya riƙe hannun ɗansa ya ce, "Abin da na zuba maka amana ce. Ka zuba wa wasu."

Ɗan nan gwani ne, kada mu ci haƙƙinsa. In ya rungumi udu, molon nan namu na Larabawa, ya taɓa tsirkiya, ko mai gardama sai ya yi tsit. Yana da nasa waƙoƙin. Amma duk taron da ya je, kafin ya kai ƙarshen nasa sai a ce, "Ɗan Ustaz, a yi mana na Baba."

Wannan magana ita ta cinye shi. Mutum ya yi hassadar ubansa da ke kwance a kabari! Ya ƙudurta sai an manta da tsohon a san shi. Ya daina rera karin uban, a taro da a ɗaka.

Akwai wani mai dafa sabulu, Abu Rashidu, da ya yi ta yi masa zarya. "Ɗan Ustaz, ko guda ɗaya ka ba ni, kada abin ya bi ka kabari."

"Kai da tukunyar sabulu, ina kai ina kari?" in ji shi. Da naci ya ishe shi, sai ya koya masa babban karin a karkace. Inda uban ya hau, shi ya sauka. Bawan Allah ya tafi yana ta godiya.

Shekaru suka tura. Almajiran tsohon suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Sai ga mahaifiyar ɗan ta kwanta ciwon ajali, ta ce, "Ɗana, rera mini na babanka in ji kafin in tafi."

Ya ɗauki udu, ya buɗe baki, babu. Ya lalubi farkon, ya lalubi tsakiyar, abin da ya ƙi shayarwa ya ƙafe. Hankalinsa ya tashi. Ya ruga gidan sabulu da furfurarsa, ya durƙusa gaban mutumin da ya raina. Abu Rashidu ya rera masa da zuciya ɗaya, daidai yadda aka koya masa.

Ya dawo ya rera mata. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, ta juya fuska ga bango ta ce, "Wannan ba na babanka ba ne." A haka ta cika.

Bai sake taɓa udu ba har ya mutu. Yau wa ya san nasa waƙoƙin? Na uban kuwa, karkataccen nan ne kaɗai ya rage, shi muka tashi muna ji.

Ya 'yan uwa, hassada gidan mai ita take fara ci. Ilimin da ka hana, ba ajiye shi ka yi ba, kashe shi ka yi, kuma akwai ranar da kai ma za ka nema.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar iyaye, ya raba zukatanmu da hassada.