Mutumin da Ya Rufe Bakin Jama'a da Fatiha

An yi wani mutum a nan Greensboro. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa suna cikinmu, kuma ba su suka ci ba. Dattijo ne mai furfura a gemu da tabon sujada a goshi. In liman ya yi tafiya, shi ke jan sallah. Baƙo in ya sauka daga Nijar ko Najeriya, shi ke ɗauko shi daga filin jirgi, ya shimfiɗa masa katifa a falonsa har ya sami aiki.

A farkon shekarun dubu biyu jama'armu suka kafa asusu. Kun san dalili. Banki ba ya kallon mai kitso, ba ya kallon matar da ke tuƙa tuwo tana kai wa ma'aikatan sito a Wendover, balle wanda takardunsa ba su cika ba. Aka ce kowa ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa ranar Juma'a, a ba talaka jari ba ruwa, in ya tsaya da ƙafarsa ya mayar a ba wani. Doka biyu aka kafa. Kuɗi ba sa fita sai mutum biyu sun sa hannu a cak. Kowace Sallah kuma a karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita. Aka naɗa mutumin nan shugaba. Hannu na biyu aka ba Hassoumi, wani direban motar kaya mai yawan shiru, wanda shi ma a kan katifar nan ya fara kwana a Amurka.

Da farko shugaban ya riƙe amana. Amma yana da miki a zuciya: tsararrakinsa sun gina gidaje a Maraɗi, shi ko bulo ɗaya bai aza ba. Kullum ya ga kuɗin asusu, sai ya ga bene.

Ana nan Hassoumi ya tashi tafiya gida ganin tsohuwarsa. Mutumin ya tura masa littafin cak gaba ɗaya.

"Sa hannu a dukansu, kada talaka ya zo ya tarar ba ka nan."

"Alhaji, ai ba a rubuta komai a kansu ba."

"Ni kake tsoro? Ka manta wanda ya koya maka hanyar masallaci a garin nan?"

Hassoumi ya sunkuyar da kai, ya sa hannu. Doka ta farko ta mutu, kuma kunya ce ta kashe ta.

Daga nan mutumin ya shiga sayen motocin gwanjo da kuɗin jama'a, yana lodawa zuwa Kwatano. Wansa Moutari ke karɓa, ya kai Maraɗi ya sayar, ya zuba a gini. Fili da gida duk da sunan Moutari aka rubuta, don kada wani a nan ya bi sawu. Kullum yakan ce wa zuciyarsa aro ne, zai mayar.

Saura doka ta biyu. Ku ji yadda ya yi da ita. Ranar Sallah, in an taru an ci an sha, sai ya tashi ya yi ta yabon jama'a, ya yi wa iyaye addu'a. Da ya ga wani na gyara zama zai yi tambaya, sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "A yi fatiha." Kun san al'adarmu: in an shafa fatiha taro ya tashi, kowa ya nemi takalminsa. Wa zai ce a dakata da fatiha?

Akwai wata mata, Fourera, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu. Kitso take yi a ɗaki. Ta taɓa karɓar jari ta mayar kaf, aka yi mata alkawarin na biyu don ta kama kujera a wani shagon kitso a High Point Road. Da lokaci ya yi mutumin ya ce mata babu. Ranar Sallah ta miƙe daga cikin mata.

"Alhaji, ba rashin kunya na tashi yi ba. Mun mayar da namu, Juma'a kuma ba a fasa zubawa ba. To ina suke shiga?"

Maza suka fara gunaguni, wai mace ce ke tuhumar Alhaji. Shi ko murmushi ya yi. "Jama'a sun gaji, Hajiya. A yi fatiha." Hannuwa suka tashi. Ita ma ta ɗaga nata, hawaye na zuba.

Bai bar ta haka ba. Ya tare ta a wurin ajiye motoci, ya rage murya.

"Fourera, tun yaushe bizarki ta ƙare? Waya ɗaya ce tsakaninki da jirgi. Yaran da kika haifa a nan, wa zai riƙe miki su?"

Ba ta ƙara buɗe baki ba. Kujera ta tafi ga wata. Ta koma aikin yankan kaji a wata masana'anta a bayan gari, cikin sanyi da wuƙa, har yatsunta suka ƙage. Matar da ake layi a ƙofarta, yau ba ta iya kama gashin 'yarta. Shi kuwa a watan ne aka aiko masa hoton bene an kai rufi, ya daɗe yana kallo.

Ya 'yan uwa, kuna zaton Allah bai gani ba?

Sai shekarar da ayyuka suka tsaya ta zo. Aka sallami mutane daga sito da masana'antu, kowa ya tuna da asusu. Mutumin ya rubuta wa wani cak don ya rabu da shi, banki ya dawo da shi: babu komai. Magana ta fita daga masallaci ta kai hannun hukuma. Aka kira Hassoumi, aka jera masa sa hannunsa a kan kowane cak. Ya rasa aikinsa, ya yi ta zaryar kotu a kan motocin da ko ƙeyarsu bai taɓa gani ba.

Mutumin bai jira ba. Ya bar mata da 'ya'ya da abin kunya, ya hau jirgi. A hanya yana lallashin kansa: ko ba komai, ina da gida.

Ya iske bene tsaye, fenti sabo, iyalin Moutari a ciki. Aka tara dattawan dangi a tsakar gida.

"Yaya, na dawo ke nan. Na zo in shiga gidana."

"Gidanka?" in ji Moutari. "Ni da na sayar da gonar baba na yi maka kuɗin jirgi? Abin da ka riƙa aikowa, na ɗauka zumunci ne. Kana da takarda?"

"Takarda, tsakanina da kai?"

"To, ka gani."

Ya so ya ce kuɗin ma ba nasa ba ne, amma ta yaya zai faɗi haka gaban dattawa? Ya buɗe baki, sai Moutari ya ɗaga hannu. "Rana ta yi, tsofaffi sun gaji. A yi fatiha."

Hannuwa suka tashi. Ya duba ƙasa, ya ga nasa ma sun tashi.

Amurka ba ta komuwa, sammaci na jiransa. In ya bugo waya, ɗansa ya amsa da Turanci ya kashe. Moutari ya ba shi ɗakin maigadi. Wanda ya je Maraɗi ya gan shi ya ce yana nan a bakin ƙofa, ya rame, in ya ji hon ya tashi da sauri ya buɗe wa wansa get. Motar kuwa cikin waɗanda ya saya a gwanjo ce.

Kada ku yi saurin tsine masa, ya 'yan uwa, domin ba shi kaɗai ya ci ba. Hassoumi ya ba shi hannu, mu muka ba shi shiru. Mun bar mace guda ta yi tambayar da ta hau kanmu duka, muka kuma yi mata gunaguni. Tabon goshi ba rasit ba ne. Wanda ya riƙe dukiyar talakawa, dole a tambaye shi a bainar jama'a, ko da shi ya yi maka aure. Mai gaskiya ba ya fushi da tambaya. Kada wanda ya ƙara sa hannu a farar takarda. Kada mutum ɗaya ya zaɓi wanda za a ba, ya riƙe kuɗin, ya kuma ba da labarin kansa. Shugaba ya yi wa'adinsa ya sauka. A karanta lissafi tukuna, mai tambaya ya tambaya, mace ko namiji, mai takardu ko marar su, sannan a shafa fatiha. Akwai ranar da za a tsayar da kowa a tambaye shi abin da aka ba shi riƙo, kuma babu mai ɗaga hannu ya tashi wannan taron.

Allah ya saka wa Fourera. Allah ya kiyaye mu daga cin amana, ya kiyaye mu daga kunyar da ke ciyar da maci amana. Amin.