Fankoki Biyu a Lungu Ɗaya

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai gyaran fanka. Ba zan kama sunansa ba, domin ba tonon asiri ne ya tara mu ba. Mutanen unguwa dai Injiniya suke ce masa, kuma sunan bai yi masa yawa ba. Fankar da kowa ya fitar da rai da ita, idan ta shiga hannunsa sai ta tashi tana juyawa kamar jiya aka sayo ta.

Shagonsa a jikin gidansa yake. Tsakanin shagon da ɗakin yara akwai wani siririn lungu, wanda in mutum ya buɗe hannuwansa zai taɓa bango da bango. An toshe bakinsa tuntuni, ba mai bi ta ciki. Tagar ɗakin yaran cikin lungun nan take kallo.

Yana da mata ɗaya da 'ya'ya biyu, jaririya da wata yarinya 'yar shekara shida. Babbar sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka Mamana yake kiranta. Kada wani ya ce mutumin nan ba ya son 'yarsa. Wallahi yana son ta. In ta dawo daga makaranta, kan teburin aikinsa take zama tana miƙa masa sukudireba, shi kuwa yana aiki da karan taba a gefen baki.

Tun yana saurayi yake shan taba. Yana sha a shago, yana sha a falo, yana sha bayan cin abinci da jaririya a cinyarsa. Labule ya sha, katifa ta sha, har kayan makarantar yarinyar warin taba suke. In matarsa ta yi magana sai ya yi dariya ya ce, "Huhuna ne ko naki?"

Sai yarinyar ta fara tari. Daga tari sai numfashi ya soma yi mata fito a ƙirji. Wata rana aka dawo da ita daga makaranta a kafaɗar malama, tana buɗe baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Suka tafi asibiti.

Likita ya duba ta, ya ce asma ce. Sannan ya ɗaga ido ya dubi yatsun Injiniya, waɗanda taba ta rina.

"Malam, kai kake kunnawa, amma ita ke sha. Zan ba ta maganin shaƙa. Maganin da ya fi shi kuwa yana aljihunka. Iska mai kyau take buƙata."

Kunya ta kama shi. A nan gaban likita da matarsa ya ciro kwalin ya murƙushe, ya ce, "Na rantse da Allah, ba zan ƙara shan taba a cikin gidan nan nawa ba." Matarsa ta yi hawayen murna. Ba ta lura da yadda ya jera kalmomin ba, shi kansa a lokacin bai lura ba.

Ya daina kuwa. Kwana tara ya yi bai kunna ba, kuma kwana taran nan ba su yi masa da sauƙi ba. Ya zauna ya tashi. Ya ɗauki filaya ya ajiye. Hannunsa ya riƙa kai kansa aljihu yana dawowa babu komai. Ya tauna cingam har haƙora suka yi masa tsami, ya koma tauna marfin biro. Wata tsohuwa ta kawo fanka tana tambayar yaushe za ta dawo, ya daka mata tsawa ba gaira ba dalili, ta kwashi kayanta ta tafi.

Don ya sama wa hannunsa abin yi, sai ya tuna da maganar likita ta iska mai kyau. Ya ɗauko wata fanka mai ƙarfi, ya sake mata naɗin waya, ya kafa ta a tagar ɗakin yara yadda za ta riƙa jawo iska daga waje zuwa ciki. Ya matsar da gadon yarinyar ƙarƙashinta. Yarinyar ta kwanta tana dariya, iska na kaɗa mata ɗankwali. Tari ya ragu, fiton ƙirji ya yi shiru.

A rana ta goma Shaiɗan ya zo masa. Bai zo da ƙaho ba, 'yan uwa, da fatawa ya zo. Ya ce masa, me ka rantse a kai? Cewa ka yi a cikin gida. To shago gida ne? Ai ƙofarsa daban, makullinsa daban.

Injiniya ya juya maganar a ransa ya ga ta zauna daidai. Haka zuciya take, in tana son abu ba ta rasa malamin da zai halatta mata.

Saura wari. In hayaƙi ya cika shago zai kama rigarsa, matarsa ta ji. In ya buɗe ƙofa, masu wucewa su gani su kai labari. Amma wa ya fi mai gyaran fanka sanin yadda ake korar iska? Ya fasa bulo ɗaya a bangon shago, ya kafa 'yar fanka mai zuƙe iska, irin wadda ake sawa a ɗakin girki. Bai fasa ta gefen titi ba, don kada a gani. Ta gefen lungu ya fasa, inda ba mai bi. Ya ce a ransa, ai hayaƙi sama yake yi.

Ya rufe ƙofa, ya kunna fanka, ya kunna kara, ya sa bakinsa daf da ramin yana busawa. Hayaƙin ya fice tas. Ya wanke baki, ya jefa alewar minti, ya shiga gida yana fara'a. Matarsa ta riƙa yabonsa gaban 'yan uwanta, tana cewa Baban yara ya cika namiji.

Ku duba, ya 'yan uwa. Fanka ɗaya tana tura iska cikin lungu, fanka ɗaya tana jawo iska daga lungu, kuma hannu ɗaya ne ya kafa su duka. Da baƙo ne ya kawo masa wannan tsari, da cikin minti ɗaya ya nuna masa kuskuren. Amma mai son ɓoye laifi ba ya duba inda laifin ke sauka, damuwarsa kawai kada a gan shi.

Tari ya dawo. Maganin shaƙa da ya kamata ya kai wata ya koma ƙarewa cikin mako biyu. Uwar ta wanke labule, ta shanya katifa, ta hana share ɗaki in yarinyar na ciki. Ta rasa inda ciwon ke shigowa.

Allah kuwa bai bar shi ba gargaɗi ba. Wata rana yarinyar ta ce masa, "Baba, iskar tagarmu tana warin shagonka na da." Matarsa ta dube shi.

"Baban yara, ni ma na ji kamar wari jiya."

"Wayar wata fanka ce ta ƙone," in ji shi. "Kin san aikinmu."

Ya fita yana gumi. Ya ce a ransa gobe zai toshe ramin. Gobe ta yi, ya ce jibi. Ya ce bari ya rage zuwa kara uku, bari ya ƙarar da wannan kwalin tukuna. Wa ya ba shi tabbacin jibi?

Ran nan da rana tsaka, ana zafi, ciwon ya taso wa yarinyar. Uwar ta ba ta maganin shaƙa, bai kama sosai ba. Ta kwantar da ita ƙarƙashin taga, ta murɗa fanka zuwa lamba ta ƙarshe don ta sami iska. Injiniya ya tsaya a bakin ƙofa yana jin fiton ƙirjin 'yarsa. Ya shiga ya fita. Ya taɓa goshinta, ya koma falo, ya dawo.

"In bai lafa ba nan da ɗan lokaci mu tafi asibiti," in ji matar.

"Bari in rufe shago," ya ce.

Ya shiga shago ya tura ƙofa. Ya ce kara ɗaya kawai, hankalinsa ya dawo jikinsa ya iya tuƙa babur. Maganar wari da yarinyar ta yi ta faɗo masa, ya ture ta gefe. Ɗaya ta ƙare bai ji komai ba, ya kunna ta biyu da wutar ta farko. Ya kunna ta uku. Tsoron da yake yi wa 'yarsa shi yake busawa cikin ramin nan.

A ɗaki kuwa, hasken rana ya ratso ta tagar. Uwar tana riƙe da hannun yarinyar, sai ta ɗaga kai ta ga hayaƙi shuɗi-shuɗi yana shigowa ta tsakanin fuka-fukan fanka, yana sauka kan fuskar 'yarta. Ta kashe fankar ta leƙa. Ga rami a bangon shago, ga hayaƙi na fitowa. Ba ta yi ihu ba. Ta sungumi yarinyar ta fito titi ba takalmi, ta buga ƙofar shago da ƙafa. Ya buɗe da kara a hannu.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Kafin la'asar Allah ya karɓi abarsa.

Ajali na Allah ne, ba mai ƙara wa wani numfashi ɗaya ko ya rage. Amma kada wannan ya zama mana mafaka, domin ana tambayar bawa a kan abin da hannunsa ya aikata.

Bayan kwanakin zaman makoki, matar ta goya jaririyarta. Ba ta zage shi ba. Cewa kawai ta yi, "Ni na ƙara wa fankar ƙarfi da hannuna, saboda na yarda da rantsuwarka. Wannan da ta rage ba zan bar maka ita ba." Ta koma gidan iyayenta, kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya ba ta haƙuri.

Shago ya mutu. Mutumin da ya rayu da ƙarar fanka ya koma ba ya iya zama inda take juyawa. Ko a masallaci aka kunna, sai ya ɗauki takalminsa ya yi salla a waje cikin rana. Ba ya iya zama wuri ɗaya, kullum yana tafe daga wannan titi zuwa wancan kamar mai neman abin da ya yar.

Taba kuwa, tun daga ranar nan bai ƙara kai ta baki ba. Ba cingam, ba rage-rage, ba sai gobe. Abin da ya shekara ashirin yana cewa ba zai iya ba, ashe yana iyawa.

Ya 'yan uwa, na san akwai mai kwali a aljihu a cikinmu yanzu haka. Ban zo in kunyata ka ba. Na san barin ta da wuya, na san kwanakin farko ba barci ba natsuwa. Amma ka ce a bakin taga kake sha, ka ce a mota kake sha gilashi a buɗe, ka ce sai yara sun shiga ɗaki. Duk wannan fankar Injiniya ce. Yaron da ke gidanka bai zaɓi iskar da zai shaƙa ba, kai ka zaɓa masa. Amana ce aka ba ka, kuma ba a yi wa Mai amana wayo da jera kalmomi.

Ka je wurin likita ya taimake ka. Ka gaya wa matarka gaskiya, ta tsaya maka. Ka jure kwana tara, ka jure na goma, domin a nan mutumin nan ya faɗi. Za ka daina ko ta yaya. Ka daina tun 'yarka na nan da za ta ce maka sannu, Baba.

Allah ya ji ƙan yarinyar nan, ya yafe wa ubanta, ya sanyaya zuciyar uwarta. Allah ya kiyaye mu daga cutar da waɗanda muke so da hannunmu, ya ba mu ikon tuba tun tuban na da sauran amfani ga na kusa da mu. Amin.