Kazar da Auta Ta Cusa a Kwando

Ranar Asabar da misalin ƙarfe ɗaya na rana Auta ta shiga kicin. Yarinya ce mai kirki, sai dai ba ta iya jira. Ko shayi ta haɗa, sai ya ƙona mata harshe.

Tun da aka sallamo Babansu daga asibiti likita ya hana shi duk abin da aka tsoma a mai. Dafaffen abinci ya ishe shi, kullum sai ya ture faranti, har wandonsa ya fara yi masa yawa. Ran nan ya ce in ba a ba shi abu mai ɗanɗano ba, zai aika a sayo masa soyayyar kaza, likita ya yi ta kansa.

Auta ta ɗauko tukunyar lantarkin da Yayanta ya saya, mai gasa abu da iska mai zafi. Ta tsoma ƙirjin kaza a ƙwai, ta birgima shi a garin busasshen burodi. Ta san ana fara bubbuga naman ya yi faɗi, a jera shi ɗai-ɗai don iska ta ratsa. Amma ta ga abin zai ja lokaci, sai ta cusa yankakken naman a kwandon tukunyar, wani kan wani. Da sama ta yi ja, ta zuba miyar tumatir da cuku, ta kai falo tana murmushi.

Hannun Baba yana rawa tun rashin lafiyar, don haka Mama ke yanka masa nama. Wuƙa na shiga Mama ta tsaya. Cikin kazar ɗanye ne, har da jini-jini.

“Auta, wannan kazar in aka sake ta, ai za ta koma akurki,” in ji Mama.

Baba ya jawo wayarsa. “Na faɗa muku, injin busar gashi ba ya dafa abinci.”

Auta ta ce, “Baba, don Allah ka ba ni dama ɗaya.”

“Ke da ba kya jiran kowa, yau ni zan jira ki?”

Duk da haka ya kife wayar a cinya.

Ta koma ta ɗauko ragowar naman. Ta bubbuga shi, ta shafa ɗan mai, ta jera yanka biyu kawai. Ta tsaya a wurin, ta juya su, ta tsaga ɗaya ta ga fari tas har ciki, sannan ta sa miya da cuku.

Baba ya ci loma ɗaya, ya miƙa wa Mama farantin ta ƙara yankawa. Bai kira kowa ba.

Darasin a bayyane yake: sauri ya kan haifi nawa. Matakin da ka tsallake don ka gama da wuri, shi zai dawo da kai farko, kuma ba kullum ake samun mai yanka naman kafin ya kai baki ba.