Mai Dizal da Motar Ƙanensa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, wanda Allah ya ba shi mota irin wadda in ta wuce sai an juyo an kalla. Baƙa ce, doguwa, kujerunta na fata, tana shan dizal. Shekara bakwai tana hannunsa ba ta taɓa kwana a gareji ba. A bakin wani babban otal yake tsayawa da ita, cikin direbobin da ke ɗaukar manyan baƙi. Saboda ita aka bar kiran sunansa, kowa sai dai ya ce Mai Dizal.

Da ita yake ciyar da matarsa da 'ya'ya huɗu. Kullum da safe sai ya wanke ta da hannunsa, tsumman gilashi daban, na tayoyi daban. Matarsa takan ce da za a shafa mata rabin man da ake shafa wa kujerun nan, da ita ma ta yi sheƙi. Sai ya yi dariya ya ce kujerun ba sa yi masa gardama.

Yana da wani tsohon likita da yake kaiwa wani gari mai nisa sau biyu a mako, tafiyar awa uku. Wannan tafiya ita ce lafiyar motar. Bakanikensa, wani dattijo da ke gane ciwon mota da kunne, ya sha gaya masa cewa irin wannan mota akwai matata a cikin salansarta da ke tare dattin hayaƙi, kuma sai ta miƙe hanya ta yi zafi sosai take ƙone dattin. Mai Dizal ya san wannan kamar yadda ya san sunan 'ya'yansa.

Yana da ƙane, autansu, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya koya masa tuƙi, a cikin wannan baƙar motar. Yaron ya yi shekaru yana jan motar wani kamfani, yana tattali, har Allah ya buɗa masa ya sayi tasa. Fara ce, irin wadda ake kira haibirid, mai haɗa fetur da batir. Ranar da ya karɓo ta bai biya ko'ina ba sai gidan yayansa, don ya sa masa albarka.

Motar ta shigo har ƙofar gida ba wanda ya ji. Sai sallamarsa aka ji. Matar gidan ta leƙo ta ce, “Auta, da ƙafa ka zo ne? Ba mu ji tsayuwarka ba.” Yara suka zuba waje. 'Yar ƙaramar cikinsu ta kara kunnenta a jikin motar, ta ɗago ta ce wa ubanta, “Baba, ta Baba Ƙarami ba ta tari irin taka.”

Kowa ya yi dariya, har Mai Dizal. Ya zagaya motar, ya buga taya da ƙafa, ya ce Allah ya sa alheri. Amma da ya zo rufe ƙofarta, sai ya ji yadda ta rufu a hankali ba ƙara. Ya ce, “Batir ne fa, Auta. Shekara biyu ya mutu, ka dawo ka same ni.”

Ya 'yan uwa, me aka rage masa a wannan rana? Motarsa tana nan inda ya ajiye ta. Likitansa yana nan. Abincinsa yana kan wuta. Ba a ɗauki komai daga hannunsa ba, an dai ba wani ne.

Auta ya fara tsayawa a bakin otal ɗin nan, domin yayan ne ma ya taɓa yi masa alkawarin wuri. To ita farar mota tana da wata ɗabi'a. Tana iya tsayawa a rana da na'urar sanyinta a kunne, injin a kashe yawancin lokaci, batir na riƙe da ita. Baƙo ya fito daga otal ya shiga ya tarar da sanyi da shiru. Wasu baƙin suka fara cewa a kira musu mai farar.

Direbobi kuwa ba sa rasa abin zance. A inuwar da suke zama aka raba gari biyu. Wasu su ce dizal ce mota, ta yi shekara ashirin tana jan hanya. Wasu su ce ai zamani ya wuce ta, mai batir ba ta cinye birki, ba ta shan mai. Wani mai tsokana ya ce, “Mai Dizal, taka tun daga kwana ake jin gaisuwarta. Ta yaron nan kuwa sai ta taka ka sannan ta yi sallama.”

Ran nan Mai Dizal ya miƙe a gaban kowa ya ce, “Ku zama shaida. Tsakanin tawa da tasa, duk wadda aka fara gani a gareji ita ce ƙarama.” Auta ya ce, “Haba Yaya, ni ban yi gasa da kai ba.” Ya ce, “Ni na yi da kai.”

Wannan magana ita ta ɗaure shi.

Abu na farko da ya yi, ya bar kai likita. Dalilinsa, wanda bai gaya wa kowa ba, shi ne duk ranar da ya yi doguwar tafiya ba ya sanin baƙi nawa Auta ya ɗauka. Yana tuƙi zuciyarsa na bakin otal. Tsohon ya kira shi ya ce, “Ɗana, na yi maka wani laifi ne?” Ya ce a'a, hidima ce ta yi yawa. Likita ya nemi wani direban.

Abu na biyu, ya ce shi ma baƙonsa sai ya tarar da sanyi. Sai ya riƙa barin injin a kunne tun hantsi har la'asar, mota na tsaye wuri ɗaya tana kaɗawa. In ya samu baƙo, tafiyar minti goma ce cikin cunkoso, ya dawo ya sake tsayawa kusa da farar mota yana kallonta ta madubi.

Abu na uku shi ne mafi muni. Ya fara raɗa wa masu karɓar baƙi cewa batirin irin waccan mota a ƙarƙashin kujerar baya yake, kuma an ce yana kamawa da wuta. Maganar ta koma kunnen Auta.  Washegari ma Auta ne ya fara gaishe shi, ya durƙusa kamar yadda ya saba.

Bayan 'yan watanni wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyarin baƙar mota. Mai Dizal ya san me take nufi. Matata ta cika, mota na roƙon hanya. Da ya ɗauke ta ya yi tafiyar awa ɗaya, da ta huce. Amma awa ɗaya baƙi nawa ne? Ya yanko baƙin salatif ya manne a kan fitilar, don kada Auta ya leƙo ya gani.

Ya je wurin bakanike, amma da ƙafa, ya bar motar can nesa. Bayan gaisuwa ya ce, “Baba, wai batirin irin ta yaron nan, shekara nawa yake yi?”

Dattijon ya ce, “In ana kula da shi yana daɗewa. Ina taka? Na kwana biyu ban ji muryarta ba. Lokacin juyen baƙin mai ya wuce.”

“Lafiyarta ƙalau. Amma dai in ya mutu, ba a gyarawa ko?”

“Kai batir gare ka?”

Mai Dizal ya yi sallama ya tafi.

Ana nan, wata safiya ya zaro sandar awon baƙin mai ya ga abin mamaki. Man bai ragu ba, har ya haura alamar cika. Mako na zagayowa ya ƙara haurawa. Maimakon gabansa ya faɗi, sai daɗi ya kama shi. Ya kai sandar inuwar direbobi yana nunawa. Ya ce, “Ku gani. Motocinku shan mai suke, tawa haihuwarsa take.”

Ɗaya daga cikinsu ya kai wa bakanike labari a matsayin abin dariya. Dattijon bai yi dariya ba. Ya bar aikinsa ya hau babur ya zo har bakin otal. Ya buɗe bonet, ya zaro sandar, ya shafa a yatsa ya sansana. Ya ce, “Wannan ba albarka ba ce. Motar tana ƙara wa kanta dizal don ta ƙone dattin matata, kai kuma ka hana ta hanya, shi ne dizal ɗin ke gangarawa cikin baƙin mai. Ka biyo ni da ita yanzu, a hankali. Juye ne da wankin matata, kafin la'asar ka dawo.”

Mai Dizal ya waiwaya. Direbobi na kallo. Auta na tsaye jikin farar motarsa. Mai Dizal ya mayar da bonet ya rufe, ya ce, “Shi ya turo ka?”

Dattijon ya daɗe yana dubansa, sannan ya goge yatsansa ya hau babur ɗinsa.

Ya 'yan uwa, rabin yini kawai ake nema a wurinsa. Mutumin da ke ware tsumman gilashi da na taya, yau an ce masa injinsa na cikin haɗari ya ƙi ji. Wautar ba daga rashin sani ta zo ba. Ya san mota fiye da duk wanda ke inuwar nan.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, wasu baƙi za su filin jirgi, suka rabu mota biyu. Auta ya ɗauki biyu ya yi gaba. Mai Dizal ya ɗauki wani dattijo da jikarsa. Hanyar tana da wani dogon hawa. Da suka iso gindinsa ya hango farar mota tana tafiya a natse, sai zuciyarsa ta ce masa yau ne ranar da za a san wace ce mota. Ya taka totur har ƙasa.

Baƙar ta zabura ta wuce farar. Ya juya don ya ga fuskar ƙanensa. Da ya ɗaga ƙafarsa, injin bai sauka ba. Ƙara ya ci gaba da hawa. Man da ya cika ya tumbatsa ya sami hanya ya shiga inda iska ke shiga, injin ya koma shan man jikinsa.

Ya cire giya, ya taka birki da ƙafa biyu, da ƙyar ya gangara gefen titi. Ya murɗa makulli ya zare shi. Ga makulli a tafin hannunsa, ga injin yana kururuwa. Farin hayaƙi ya rufe titi har motoci suka tsaya. Yarinyar da ke baya tana kuka. Shi kuwa ya fito ya tsaya yana kallon makullin.

Auta ne ya ratso hayaƙin a guje. Ya fara fitar da dattijon da jikarsa, ya kai su nesa. Ya dawo ya ɓalle bonet, ya tuɓe rigarsa ya dunƙule, yana neman bakin iska ya toshe. Ƙarfe ya yi zafi, hannuwansa biyu suka ƙone, bai saki ba. Amma an makara. Aka ji wani bugu kamar an jefar da guduma cikin ganga. Injin ya fashe ta gefe, baƙin mai ya malale a kan kwalta. Sai shiru.

Auta ya juyo, hannuwansa sun tashi, ya ce, “Yaya, ba ka ji ciwo ba?”

Mai Dizal ya dube shi ya ce, “To, hankalinka ya kwanta.”

Ni a ganina, ya 'yan uwa, hasarar da ya yi da wannan kalma ta fi ta injin.

Bakanike ya duba ya ce babu abin ɗauka. Otal suka ce kada ya sake tsayawa a ƙofarsu, tunda ya saka rayuwar baƙi a haɗari. 'Yan gwangwani da masu kayan gyara suka zo suka rarraba motar. Kujerun fatar nan wani ya saye su ya ajiye a shagon aski.

Bayan mako guda Auta ya zo gidan, hannuwansa a naɗe da bandeji, matarsa ce ta riƙo masa makullin farar mota. Ya ce, “Yaya, an ce sai na yi wata ban riƙe sitiyari ba. Ka ja ta. In na warke mu raba kwanaki. Kai ka koya mini.”

Matar gidan ta ce, “Baban yara, ka karɓa. Don Allah ka karɓa.”

Ya kalli makullin. Ya san in ya karɓa gidansa ya tsira. Amma sai ya ga kansa zaune a cikinta, direbobi na kallo daga inuwa. Ya tashi ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

Yanzu gadi yake yi a wani sito a ƙarshen gari. Iyalinsa sun koma ɗaki biyu. Abin da Auta ke aikowa, a ɓoye matar ke karɓa, ta ce masa daga wurin 'yan uwanta ne.

Ya 'yan uwa, kowane zunubi akwai ɗan daɗin da mai shi ke samu kafin ya ɗanɗana kuɗarsa, ban da hassada. Ita tun ranar farko azaba ce. Tana ɗauke idonka daga abin da ke hannunka ta kafa shi a kan na wani, har naka ya lalace kana tsaye a kansa. Da farko kai ne ke taka ta. In ta yi nisa, da jikinka take ci, ko ka so tsayawa ba ta tsayawa.

Kowannenmu ya duba zuciyarsa yau. Wane ne in an ambaci alherinsa kake jin haushi? Wataƙila maƙwabcinka ne, wataƙila wanda kuka sha nono ɗaya. Ka yi masa addu'ar ƙari tun kana iya furtawa, ka koma ka kula da naka.

Allah ya wanke mana zukatanmu, ya sa mu ga alheri a hannun ɗan uwa mu ji sanyi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zumuncinmu. Amin.