Ɗan Shila Mai Gata

Akwai wani mutum, manomi, da gidansa yake bakin gari, yana kuma kiwon tantabaru. Bai gina musu ɗaki ba. Tukwanen matarsa da suka tsage yake ratayewa a ƙarƙashin jinkar rumbu, su shiga su yi sheƙa. Shekara da shekaru suna zaune tare. Su tsince tsabar da ta zube wurin sussuka, su ɓata masa tsakar gida da kashi, shi kuwa ya share kashin ya kai gonar barkono. Babu mai bin wani bashin godiya.

Wanda ya zauna da tantabaru ya san yadda suke renon 'ya'yansu. Ƙwai biyu mace take yi, ita da namijin su riƙa karɓar juna wajen kwanci. In an ƙyanƙyashe, ɗan shila yakan cusa bakinsa cikin bakin uwa ko na uba, su ɗura masa wani abu mai kamar kunu daga maƙogwaronsu. Da ya ɗan tasa, sai su koma ɗura masa jiƙaƙƙiyar tsaba. Amma idan wata guda ya kusa cika, gashi ya rufe masa jiki, sai uban ya canza fuska. Ɗan ya buɗe baki, uban ya kau da kai. Ya matso, uban ya sare shi. Sa'an nan uban ya sauka ƙasa yana ƙoto a gabansa, ya je kasko ya tsoma baki cikin ruwa. Ɗan ya yi kuka kwana biyu ko uku, yunwa ta sauko da shi, ya kalli abin da uban yake yi, shi ma ya gwada.

Wata shekara aka ƙyanƙyashe 'yan shila biyu a tukunya ɗaya. Ɗaya ruwan toka ne kamar sauran, ba mai kallonsa sau biyu. Ɗayan kuwa da gashinsa ya fito, sai ga shi fari fat. Mutumin bai taɓa samun fari a gidansa ba. Zuciyarsa ta manne wa tsuntsun nan, har yakan makara zuwa gona don ya tsaya leƙen tukunya.

Ranar da uban ya fara sarar 'ya'yansa, mutumin yana tsaye. Ya ga farin yana karkaɗa fukafukai yana roƙo, ya ga an sare shi a ka. Ransa ya ɓaci. Ya miƙa hannu cikin tukunyar ya ciro farin, ya bar mai ruwan toka, ya ce, "Kai da ubanka ku ƙarata."

Matarsa Keziya tana bakin murhu. Ta ce, "Maigida, mai da shi. Uban ba ƙinsa yake yi ba, yaye shi yake yi."

Ya ce, "Wannan yaye ne ko mugunta? Ina da gero cikin rumbu. Muddin ina numfashi, ba zai yi kukan yunwa a gidan nan ba."

Ya kai shi ɗakinsa, ya yi masa shimfiɗa a kwando. Safe da rana da yamma sai ya tauna gero, ya sa bakin tsuntsun cikin nasa ya ɗura masa. Ya guntsi ruwa ya ba shi haka nan. Farin ya yi ƙiba, gashinsa yana sheƙi. Da ya ji motsin ƙofa sai ya buɗe baki. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, mutumin yana ta washe haƙora, shi ga mai tausayi.

Mai ruwan toka kuwa ya sha wuya. Ya rame, ya faɗo daga tukunya ya kwanta cikin ƙura. Ya sari tsakuwa yana tsammani tsaba ce. Amma kafin mako guda ya iya ƙoto, ya san kasko, ya hau jinka tare da manya yana koyon kewayen gida. In inuwar shaho ta gifta, ya ga sauran sun watse, shi ma ya bi.

Aka yi wata biyu haka. Keziya ta sake magana, ta ce, "Tsuntsun nan ya isa aure, har yanzu bai taɓa ɗaukar ƙwayar gero da bakinsa ba. Ajiye shi ƙasa cikin 'yan'uwansa ko da wuni ɗaya."

Ya ce, "Su tattake mini shi? Akwai lokaci."

Da farkon damina aka aiko cewa wan mutumin ya rasu a wani ƙauye, ƙetaren rafi. Shi da matarsa suka shirya a gaggauce. Ya ɗura wa farin har ya ƙoshi, ya cika ƙwarya da gero, ya cika kasko da ruwa, ya ajiye su dab da kwandon. Ya ja ƙofa saboda muzuru, ya ce gobe war haka sun dawo.

Aka yi jana'iza. Kafin su kama hanya aka kece da ruwa a kan duwatsu, rafi ya kawo, ba mai iya ƙetarewa. Sai a rana ta biyar suka iso gida.

Tantabaru suna jere a kan jinka lafiya lau. Mai ruwan toka ya sauko gabansu yana ƙoto. Mutumin bai ko dube shi ba, ya wuce ya tura ƙofa. Ya tarar da farin a ƙasa, ya bar kwando ya zo bakin ƙofa, a nan ya mutu, bakinsa a buɗe. Ƙwaryar tana nan cike da gero yadda aka bar ta, ba a taɓa ko ƙwaya ɗaya ba. Ruwan kasko ma yana nan.

Ya ɗauke shi a tafin hannu, ya ce, "Ga abinci a gabansa. Me ya hana shi ci?"

Keziya ta ce, "Wa ya nuna masa abinci ne? Bakinka kaɗai ya sani."

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙwaryar gero Maganar Allah ce, kaskon ruwa kuwa addu'a. Manomin nan mu ne, iyaye da malaman ikilisiya. Farin ɗan shila kuma shi ne ɗan da muka fi ƙauna, wanda muke tauna masa kome. Mu ne muke masa addu'a, ba mu taɓa cewa ya buɗe baki ya yi da kansa ba. Mu ne muke karanta masa, mu ba da amsa kafin ya yi tunani. In malamin makarantar Lahadi ya tsauta masa, washegari muna ƙofar malamin da faɗa. In ya yi laifi, mu rufe. In aiki ya yi nauyi, mu karɓe mu ba ƙaninsa. Muna kiran wannan ƙauna, alhali daɗin ganin bakin nan a buɗe yana jiranmu muke ji. Magabata sun riga sun faɗa: ka so naka, duniya ta ƙi shi.

Ina faɗin wannan da ɗacin rai, gama na gani da idona. Na je gaisuwar mutuwa a gidan wani dattijo da ya yi shekara talatin yana bi da addu'ar safe a gidansa. 'Ya'yansa huɗu, maza, masu gemu. Aka ce ɗaya ya yi mana addu'a, sai suka shiga kallon juna. Littafi Mai Tsarki na mahaifinsu yana kan tebur a gabansu, ba wanda ya san inda zai buɗe. Mutumin kirki ne, na ƙaunace shi, amma ya tafi ya bar su da yunwa a gaban cikakkiyar ƙwarya.

Uban tantabara da ya kau da kai bai tafi ko'ina ba. Yana nan ƙasa, yana ƙoto inda ɗansa zai gan shi. Haka Ubangiji yakan yi da mu sa'ad da ya bar mu mu ji yunwa kaɗan, haka kuma ya kamata mu yi da namu. Ku bar yaro ya yi tuntuɓe cikin addu'a kuna zaune kusa. Ku bar shi ya sha kunyar laifinsa tun kuna da rai.

Kowannenmu yana da rafin da zai kawo wata rana ya hana shi komawa gida. A ranar nan ba za a tambayi yawan geron da ka zuba a ƙwarya ba. Abin tambaya shi ne, wanda ka bari a bayan ƙofa ya iya ci?